Parabol ɗin da Nomau Ya Zaɓo

Nomau dai kowa ya san shi a ƙasar Guna, wanda bai san fuskarsa ba ya san bakinsa. Manomin gero da gyaɗa ne, gonarsa ba ta fi ta kowa ba, amma yana da abu guda da ba mai irinsa a ƙauyensu: ya taɓa shiga ekip, wato ƙungiyar Damagaram, a kokowar ƙasa da ake ba wa gwani takobi. Sau ɗaya ne, shekara talatin da biyar da suka wuce, amma wallahi ya mori wannan sau ɗayan. Kullum da la'asar a rumfar Ɗanƙarami mai shayi sai ya ba da labarin yadda ya riƙe wani ƙato na Tawa har inuwa ta juya, sannan alƙalai suka ɗaga hannun wancan da son kai. Kowace shekara ƙaton nan ƙara tsawo yake. Mutane su kurɓi shayi su ce, "Kai, an cuce ka, Nomau."

Kada dai mu ci zalinsa, ya iya koyarwa. Mahamud, ɗan Aliya mai ƙuli-ƙuli, a hannunsa ya koyi kamu da shiga ƙafa, har bara aka zaɓe shi cikin goman da za su wakilci Damagaram. Gari ya ɗauka. Samarin da ke ci-rani suka aiko da babbar tele da panno, farantin kama hasken rana, da batir, aka jera su a rumfar Ɗanƙarami. Saura parabol, faifan da ake kafawa a kan rufi, da dekoder, akwatin da ke kamo tashoshi. Wa za a tura birni ya zaɓo in ba Nomau ba?

Da safen da zai tafi, Aliya ta tare shi a hanyar rijiya. Mahamud ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane. Kakarsa ce ta raine shi, kuma shekara ashirin da shida in ya shigo gida ita bango take kallo.

"Malam Nomau," ta ce, tana gyara gammo, "ka samo mana wanda mutum ke fitowa sosai. An ce akwai wanda har gumi ana gani."

"Shi zan kawo, Yaya Aliya."

"Ba don komai ba. Tele kowa kallo yake, ba mai cewa ga wanda nake kallo. So nake in dubi yaron nan sau ɗaya har in ƙoshi."

Ya bugi ƙirji ya ce ta sa a ranta an gama.

A Zindar ya shiga butik ɗin wani Abdul'aziz kusa da kasuwa, mutum mai fara'a da yawan bayani. Ya nuna masa iri biyu. Na farko yana kamo tashoshin gida, hoto tar, ko a daji kake. Na biyu finafinan waje ne da ƙwallon Turai, tashar gida ko ɗaya babu. Don ya gani da idonsa sai ya kunna masa na farkon, aka yi sa'a, ko kuwa rashinta, tashar ƙasa tana tallan kokowar da za a fara.

"Baba, tsaya ka ga wannan," in ji Abdul'aziz, tun kafin a zo wurin ya fara dariya. "Tsohon hoto ne suka gyara. Kullum da shi suke buɗe shirin."

Wani saurayi ya fito, layu har gwiwar hannu, yana tsalle yana kirari. Aka busa usur. Abokin karawarsa, wanda ko tsawonsa bai kai ba, ya sunkuya sau ɗaya, sai ga ƙafafun saurayin a sama. Ya tashi baki cike da rairayi ya yi hanyar ƙofa da gudu, ko hannu bai ba mutumin ba. Aka maimaita a hankali. Tsagen kumatunsa ya fito raɗau, har da hawayen.

Nomau ya gane kansa a gilashin. Ya ja rawani ya rufe kumatu. Abdul'aziz yana share hawayen dariya yana cewa, "Ko yana raye, bawan Allah?"

"Na biyun za ka ba ni," in ji Nomau.

"Baba, ba kokowa kuka ce za ku kalla ba? Wannan fa ba ya kamo ta."

"Mutanenmu ƙwallo suke so."

Ƙwallo! Garin da ba mai iya kiran sunan ɗan wasa ɗaya. Haka ya ɗauko shi ya hau mota, duk hanya yana ce wa kansa ai akwai rediyo, ai yaron zai kai zagaye na biyu, kafin nan ya san dabara. Ya tuna Aliya a daidai Mirya, ya kawar da kai ya kalli gonaki.

Aka kafa parabol a kan rumfa. Ɗanƙarami ya yi ta danna komand, abin canza tasha, yana tambaya ina tashar ƙasa, Nomau ya ce sai ranar gasa ake buɗe ta. Kwana biyar tuwo bai wuce masa wuya da daɗi ba. Sau biyu ya sa takalmi zai koma birni, sau biyu ya cire.

Ranar kuwa, tun azahar rumfa ta cika ta batse. Maza a gaba, mata a tabarmi ta gefe. Aliya ta zo da sabon zane, ta zauna inda ba abin da zai tare mata gilashin, tana yi kamar rakiya ta yi wa maƙwabciyarta. Ɗanƙarami ya danna, wasu mata suna rawa a kan dutse. Ya danna, Turawa suna gudu a ciyawa. Ya bi tashoshin nan kaf har sau uku. Can wani ya ruga gida ya ɗauko rediyo, aka tarar an riga an kira Mahamud.

A kunne aka ji ta. Mahamud ya riƙe mutuminsa har mai sharhi ya dishe, sannan ƙafarsa ta goce, ya faɗi. Wanda ya faɗi kuwa ya fita daga neman takobi, sai wata shekara in da rabo.

Ba wanda ya tuhumi Nomau, shi ya sa abin ya fi ci masa rai. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, da gangan na yi." Ya faɗi duka, butik ɗin da hoton da gudun da ya yi, kansa a ƙasa, muryarsa kamar ba tasa ba.

Ɗanƙarami ya ajiye buta. "Haba, Nomau! A gindin tsamiyar can muka ji faɗuwarka a rediyo, mu duka, har da mahaifinka. Ka dawo ka ba da naka labarin, muka ga kana buƙatarsa, muka bar maka. Wa ya taɓa ƙaryata ka?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Aliya ta naɗe tabarmarta a hankali, ta zo ta gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, kai ka san abin. Da yaron ya faɗi, ya tashi da kansa?"

Nomau bai sani ba. Ba wanda ya gani.

Washegari da sassafe ya koma Zindar ya canjo dekoder. Tasha ta fito tar, har gumi ana gani. Kwana takwas ana kallon 'ya'yan wasu, kullum kuma da faɗuwar Nomau ake buɗe shirin, yana zaune a gaba rawani a kwance, ba mai dariya. Aliya ba ta ƙara zuwa rumfar ba.