Kurar Asabar ta Maman Marvel

A kasuwar Bayan Rafi da ke gefen Karu akwai wani lungu da aka shata da jan fenti, dama da hagu. Ya taso daga bakin bohol, ya ratsa layin masu manja, ya ɓulle a filin da 'yan katako ke zubar da guntayen itace. Faɗinsa daidai kurar mai ruwa ne da mutum ɗaya a gefenta. Duk ranar Asabar da safe, kafin kasuwa ta cika, ana loda wa kura jarkokin ruwa a turo ta da gudu daga wannan baki zuwa wancan. Abin da ta tarar a cikin jan layi kuwa, mai shi ya kuka da kansa.

Mai wannan doka ita ce Justina, wadda kowa ke kira Maman Marvel. Markaɗe ne sana'arta: tattasai, tumatir, waken masu ƙosai. Gajeriya ce kakkaura, kuma muryarta ta saba gasa da ƙarar inji, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. A hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fata ta tattare tana sheƙi. Ba ta rufe wurin.

"Satifiket ɗina ke nan," in ji ta.

Ta samo shi ne a gobarar da ta cinye rabin kasuwar shekarun baya, da rana tsaka. Janareta ne ya kama a bayan wata rumfa. Motar kwana-kwana ta zo, amma aka rasa ta inda za a ja tiyo, domin kowane lungu cike yake da tebura da laima da kwanduna. Masu ruwa suka taso, kowa da kurarsa, su ma ba hanya. Ruwa na bakin kasuwa, wuta na tsakiya. Justina ta kutsa ta jawo wata tsohuwa mai daddawa da ta koma ɗauko kayanta, kwanon rufi mai zafi ya faɗo mata a hannu.

Da aka sake gina kasuwar, hannun na ɗaure ta bi rumfa-rumfa har shugabannin 'yan kasuwa suka yarda a bar lungu ɗaya ba kowa. Ta kuma tara 'yan sa-kai: masu ruwa, da mai walda, da mahauci, da wata tela, da mata biyu masu manja. Mai koya musu aiki shi ne Oga Leonard, tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi ritaya. Babu mai biyansu. Wanda ya ƙone, shi zai yi jinyar kansa.

Asabar ɗin da na je, na same su a filin 'yan katako. Ba su da takalman aiki, ba su da rigunan wuta. Hular kwano ta 'yan acaɓa ce a kan wasunsu. Justina na bin su ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙafa da riga. Ta tsaya a gaban mahaucin, wanda bai daɗe da shiga ba, ta nuna silifas ɗinsa.

"Cire."

"Haba Maman Marvel, sabo ne fa."

"Roba ba ta narkewa ita kaɗai. Da fatarka take tafiya. Cire."

Oga Leonard ya cinna wa baƙin mai wuta a cikin rabin ganga. Kafin ya buɗe baki, mahaucin ya sunkuci bokitin ruwa.

"Ajiye!" ya daka masa tsawa. "Ka zuba ruwa a kan mai, wutar za ta taso ta gaishe ka a fuska. Yashi, ko bargo."

Suka yi ta yi bi da bi. Mutum zai riƙe jiƙaƙƙen bargo a gabansa, ya rusuna, iska na bayansa, ya taka har bakin gangar ya lulluɓe ta. Daga nan aka koma kan tukunyar gas. Wannan ita ce mai wuyar kallo. Wutar na fita da gurnani, kuma duk wanda ke tsaye a wurin jikinsa na ce masa ya gudu. Su kuwa an koya musu su nufe ta, su naɗe kanta da bargo, su lalubi makunnin su murɗe. Telar, Rosemary, ta yi nata, ta kashe. Da ta juyo, gefen girarta ya babbake.

"Kin huta da zuwa wajen mai gyaran gira," in ji mai walda. Aka kwashe da dariya, har da ita.

Saura gudun kura, kuma a nan ne matsalar ranar take.

A farkon makon an rushe rumfunan da ke bakin titi. Waɗanda abin ya shafa suka shigo kasuwa neman wurin raɓawa, ciyaman na 'yan kasuwa, Alhaji Zakariyya, ya ce su kafa tebura a cikin jan layi kafin a ga abin da Allah zai yi. Yawancinsu sun ji labarin kura, ba su fito da wuri ba ran nan. Mutum ɗaya ce ta kafa teburinta tun da sassafe a tsakiyar lungun, ta jera kiret-kiret na ƙwai, ta zauna. Perpetual ce, yayar Justina uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta ɗauko ta daga ƙauyensu a kudancin Kaduna tana budurwa, ta sauke ta a ɗakinta, ta koya mata kasuwa.

Ciyaman ya tare Justina a bakin bohol.

"Madam Justina, yau a bar kura ta huta."

"Ina kwana, Alhaji. Ka yi magana da wuta? In ta yarda ta huta, mu ma mun huta."

"Bayin Allah nan an rushe musu wuri. Ina kike so su je? Kuma rabonmu da gobara an daɗe."

"Shi ya sa kowa ya manta."

"To ki ji da kyau. Kika taɓa kayan wani, zan kira taro a rushe ƙungiyar nan taku."

"Ka kira, ranka ya daɗe."

Ta wuce shi ta gangara wajen yayarta. Ta rage murya iyakar yadda za ta iya, amma duk layin masu manja sun ji.

"Yaya, ja teburinki."

"Ni?" in ji Perpetual. "Ni da na kawo ki garin nan da ƙullin kaya ɗaya? Yau ni za ki kora?"

"Ba korarki nake ba. Kina cikin layi."

"Layin ne ya ba ki tabarma kika kwanta?"

"Ki dawo gaban shagona. Akwai wuri."

"Ƙwai a gaban inji? Girgiza ta fasa rabi, ruwan tattasai ya ɓata rabi? Na gode. Ciyaman ne ya ba ni nan, nan zan zauna. Ki zo ki bi ta kaina."

Ta naɗe hannuwa a ƙirji.

Can ƙarshen lungun Oga Leonard bai san abin da ake ciki ba. Ƙa'idarsa ita ce a fara kunna wuta sannan a busa usur, domin a cewarsa wanda bai ga hayaƙi ba ba ya gudu da gaske. Ya tara guntayen katako da kwalaye ya cinna musu. Hayaƙi ya tashi ta saman rumfuna, usur ya biyo baya. Wutar ta gaske ce, ba ta da nisa da rumfar 'yan katako, kuma masu tsaronta bokitin yashi kawai ke hannunsu.

Mai tura kura a kullum shi ne Baƙo, shugaban masu ruwan kasuwar, dogo mai ƙarfi. Ya kama mariƙin kurar, ya hango teburin ƙwai, ya saki, daidai lokacin da Justina ta dawo bakin bohol.

"Maman Marvel, ni kam ba zan iya ba. Matar nan ta girme ni. Gobe a ce mai ruwa ya fasa wa mata kaya, wa zai sake sayen ruwana?"

"Matsa, Malam Baƙo."

Ta ɗaure zaninta tamau, ta kama mariƙin, ta sa ƙirji. Kurar da aka cika da jarkoki ba ta son tashi, amma lungun yana da ɗan gangare, in ta tashi kuma ba ta san birki ba. Tayoyin suka fara juyawa.

"Hanya! Hanya!"

Kurar ta fara karkata hagu, ta kusa kwasar galan ɗin wata mai manja. Baƙo ya ce "Innalillahi," ya ruga ya dafa gefenta ya daidaita ta. Bai tura ba, amma bai saki ba. Mata suka ɗage ƙafafu. Ciyaman na ɗaga hannu yana magana, ba mai jin sa.

Perpetual na zaune, ido cikin ido da ƙanwarta. Justina ba ta sassauta ba, ba ta kuma kau da kai ba. Sai da kurar ta zo dab, sannan Perpetual ta zabura ta fizgi teburin da hannu biyu. Teburin ya tsira. Kiret ɗin sama ya zame ya kife a ƙasa, taya ta bi ta kansa.

Kurar ta ɓulla filin. 'Yan sa-kai suka yi layi, jarka na bin hannu zuwa hannu, wutar ta mutu ta bar tururi da warin jiƙaƙƙen toka. Oga Leonard ya dube su ya ce sun makara, a gyara mako mai zuwa.

Justina ta dawo tana haki, da tsintsiya da bokiti a hannu. Ta durƙusa a gaban yayarta ta fara wanke ƙwan da ya fashe. Wata mai manja ta ce ai gara da ta zo ba da haƙuri.

"Ba haƙuri na zo bayarwa ba," in ji Justina, ba ta ɗago ba. "Santsi ne. Wani zai faɗi a nan ranar da ake gudu."

"Na bar ki da Allah," in ji Perpetual.

"Ki bar ni da shi, Yaya. Yana nan ranar da kasuwar nan ta ƙone."

Na koma ranar Litinin. Lungun na nan fayau daga bohol har filin 'yan katako. Sauran masu teburan sun matse kansu a wajen layi, wasu rabin laimarsu a rumfar maƙwabci. Teburin ƙwai yana gaban shagon markaɗe, an shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kowane kiret, an rataya tamfol tsakaninsa da inji. 'Yan'uwan biyu ba sa gaisawa. In mai sayen ƙwai ya zo Perpetual ba ta nan, Justina kan kashe inji ta sallame shi, ta koma ta kunna injinta.

Ciyaman ya cika alkawari, ya kira taron da za a yi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na sami Justina tsugune da gwangwanin jan fenti tana sabunta layin a inda ƙafafu suka goge shi. Na tambaye ta abin da za ta yi in taron ya rushe ƙungiyar.

Ta tsoma buroshi, ta ja layin ya miƙe, sannan ta amsa.

"Su rushe. Kurar ta Malam Baƙo ce, ƙafafun nawa ne. Taronsu Juma'a ne, ni kuma Asabar nake fitowa."