Sunayen da Ketura ta ɗauko daga tsohuwar kwamfuta

Malam Pindar, sakataren cocinmu na Moduganari, shi ya fara gaya mini aikin da 'yata Ketura take yi. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Ya ce, "Maman Ketura, tsohuwar kwamfutar ofis ta kusa mutuwa. 'Yarki za ta kwashe abin da ke ciki, ta sake gina shi yadda zai buɗu a burauza, wurin nan da ake shiga intanet a waya."

Ketura ita ce ta ukuna. Ina riƙe da hannunta muka gudo daga ƙauye, ta yi karatu a nan, ta zama akawun coci. Yarinya ce mai tsoron kuskure, ko gishiri sai ta tambaya sau biyu.

Abin da ke cikin kwamfutar nan sunaye ne. Duk wanda ya gudo daga kudancin Borno ya zo wurinmu, an rubuta shi, da ƙauyensu, da gidan da ya sauka. Wani malami da ya rasu ne ya haɗa tsarin. Da ruwa ya ci gari, a kan kabad aka tsirar da ita, shi ne dattawa suka ce a mayar da tsarin intanet, inda ruwa ba ya kaiwa.

Wata uku Ketura tana yi. Kowane ɗan umarni da marigayin ya rubuta sai ta bi shi layi-layi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. To ashe tsohon tsarin ba ya tambayar mutum ko shi wane ne. Me zai tambaya? Kwaɗo ne a ƙofar ofis, mabuɗi a aljihun Malam Pindar. Ta kwafe komai daidai, ƙofar ce kawai ba ta biyo ta ba.

Ranar Alhamis ta tura wa dattawa biyar adireshin shafin. Ranar Asabar muna kasuwar Gamboru ni da ita sayen atamfa, Alhaji Nasidi, wanda muka daɗe muna ciniki, ya ja mu gefe, ya rage murya.

"'Yata, wannan ba na cocinku ba ne? A wani zauren hira na waya aka turo mini."

Ketura ta karɓi wayar. Sunan Phebe ne a sama, da lambar gidan da take. Phebe kuwa bara ta gudo daga hannun mutanen daji da ɗa a goye, sun kuma aiko cewa ɗansu ne, za su zo ɗauka.

"Mama, riƙe mini jaka," ta ce. Sau uku tana kuskuren lambar sirrinta. A tsaye a gaban shagon ta rufe shafin, ni kuwa sai kiran sunan Yesu nake a ciki.

Shafin yana ƙirga masu buɗe shi. Arba'in da uku ne. Ta bi ta gano talatin da ɗaya. Sha biyun nan har yau ba mu san su ba.

Kafin la'asar ta je ta gaya wa Phebe da bakinta. Phebe ba ta zage ta ba, tambaya ɗaya ta yi: "Yanzu ina zan je?" Muka ɗaure mata kaya, aka kai ta wani wuri da ba zan faɗa ba, Ketura ma ba ta rubuta shi a ko'ina ba.

Yanzu shafin yana tambayar suna da lambar sirri, ta kuma goge gidajen mutane daga ciki. In babur ko keke ya tsaya a layinmu sai ta leƙa. Kullum bayan aiki tana bin gidajen da ke cikin jerin ɗaya-ɗaya, tana gaya musu abin da ya faru, mai son tashi ya tashi. Yau Dusuman ta tafi, saura gida tara. Ubangiji ya dawo mini da ita lafiya.