Ba a Saki Sai Fim Ya Ƙare

Ranar da na je wurin Shehu Sha'aban Gunaim a raba aurena, da ƙuduri ɗaya na fita daga gida: ba zan yi dariya ba. Shekara goma sha ɗaya ina auren Midhat mai alewar riɗi, 'ya'yanmu uku, kuma har ga Allah ba na son rabuwa da shi. Amma bakina ya riga ya furta, ni kuwa Sausan ba a taɓa ganin na lashe amaina ba a unguwarmu.

Duk wanda ya tashi a ɓangarenmu na birnin Tanta ya san Shehu Sha'aban. Shi ne ma'azun, shi ke ɗaura aure ya rubuta a littafin hukuma, shi kuma ke rubuta saki in abin ya lalace. Dogo ne, gemu a gyare, jar hula da farin rawani, fuska a murtuke kamar an aiko shi karɓar haraji. Baƙo zai rantse mutumin nan bai yi murmushi ba tun da aka yaye shi. Alhali a faɗin garin babu mai son finafinan soyayya na barkwanci kamarsa.

Ciwon ya kama shi tun yana ɗalibi a makarantar addini. Duk ranar Alhamis da azahar sai ya warware rawani ya cusa a jakar littattafai, ya sulale silima. Labari ya kai wa mahaifinsa, limamin ƙauyensu, tsoho ya hau jirgin ƙasa ya zo takanas don ya jawo shi da kunne. Da ya shiga ya tarar da duhu, bai san ta inda zai fara ba, sai ya zauna yana jiran a kunna fitila. Da dariya ya gano ɗansa, don Sha'aban in yana dariya kamar ana jan teburi a kan siminti ne. Ya lallaɓa ya damƙe masa wuyan riga, Sha'aban ya miƙe zai bi shi, sai tsohon ya danna shi ƙasa ya ce ya zauna tukuna su ga ko za a ba wa yaron can yarinyar. An ba shi yarinyar. Bayan sun fito Sha'aban ya sha marinsa biyu masu kyau, kuma ya ce ko yau aka maimaita ba zai yi kuka da cinikin ba.

Ba kowane fim yake kallo ba, yana da sharuɗɗa. Ba ya son na faɗa, ba ya son na kuka. In wata ta yi tari a fim sai ya kashe, ya ce ya san inda tarin nan zai kai su, shi kuwa ya halarci jana'iza isasshiya. Nasa shi ne wanda saurayi zai yi wauta, budurwa ta yi fushi, uba ya rantse ba zai bayar ba, a ƙarshe a yi guɗa. Da bidiyo ta shigo gari, shi ya fara saye a layinmu. Matarsa Hajja I'itimad, wadda ita ƙwallon ƙafa take kallo, takan ce an aurar da ita ga mutum ɗaya da kaset arba'in, kuma kaset ɗin sun fi ta samun kulawa.

Shekarunsa goma na farko a aiki, in ma'aurata suka zo rabuwa wa'azi yake yi musu, tunda doka ta ce ya gwada sulhu kafin ya ɗauki alƙalami. Wa'azin ma mai kyau. Sai su gyaɗa kai, su share hawaye, su ce a rubuta. Wata rana bayan cin abinci yana kallon fim a ofishinsa, saura kaɗan ya ƙare, wasu suka shigo suna huci. Zuciyarsa ta kasa barinsa ya kashe, ya ce su zauna minti goma. Da aka yi guɗar ƙarshe ya waiwaya, ya ga matar tana dukan kafaɗar mijin don dariya, mijin yana goge ido da hannun riga. Suka miƙe suka ce za su dawo gobe. Yau shekara nawa, ba su dawo ba.

Daga nan ya kafa doka. A wurinsa ba a rubuta saki sai an zauna an kalli fim daga farko har ƙarshe, wanda yake sauri akwai wani ma'azun bayan tashar jirgi. Ya sa kafinta ya yi masa benci, ya tsaya a kansa har aka rage tsawon, yadda mutum biyu ba za su zauna ba sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Amma kada a ɗauka kowa yake dawowa da aurensa. Waɗanda suka zauna kamar duwatsu har fim ya ƙare, ba ya ƙara musu ko kalma, yana buɗe littafi ya rubuta. Yakan ce mutum biyun da abu ɗaya ba ya ba su dariya, riƙe su a ɗaki ɗaya zalunci ne. Wannan na sani sarai lokacin da nake ɗaura mayafi.

Abin da ya haɗa ni da Midhat, in na faɗa sai a raina ni. Ranar wata Juma'a 'yan'uwana mata suka zo, na yi miyar lalo da zomo, ya ɗanɗana ya ce da daɗi, sai dai ta mahaifiyarsa ta fi yauƙi. A gaban yayata Nagwa, wadda ba ta mantuwa. Na haɗiye. Da 'yan'uwansa maza suka zo mako na gaba, na gatsa alewarsa na ce ta shagon da ke kallon nasa ta fi riɗi. Shi ke nan. Kwana arba'in ba mu yi wa juna magana ba, sai ta bakin yara ko ta bakin bango. A rana ta arba'in na tsaya a tsakar ɗaki na gaya wa bango cewa in akwai namiji a gidan nan ya kai ni wurin ma'azun. Shi kuma ya gaya wa ƙofa cewa mai magana ta sa mayafinta.

Muka isa bayan la'asar. Shehu ya tura shaidunmu biyu shagon shayi, ya dube mu ta saman tabarau ya nuna benci. Na zauna can ƙarshe har rabin jikina yana lilo, duk da haka kafaɗar Midhat tana jikin tawa. Shehu ya daɗe gaban kaset ɗinsa yana zaɓe kamar likita gaban magunguna, sannan ya zaro ɗaya ya hura masa iska ya saka.

A unguwa ana cewa yana zama ne ya tsare ma'aurata da ido, yana ƙirga wanda ya murmusa. Ƙarya ne. Ko minti biyar ba a yi ba ya manta da mu. Ya cire rawani ya ɗora a gwiwa, yana faɗin magana kafin 'yan fim su faɗa, yana gargaɗin saurayin kada ya shiga ta wannan ƙofar, kamar bai kalli abin sau hamsin ba. Na so ƙwarai a ce yana kallona, don ya ga yadda na ɗaure fuska. Sai ya zama babu wanda nake ɗaure wa sai na kusa da ni.

Fim ɗin na wani matalaucin akawu ne da ya ari kwat zai je neman aure, bai san mai kwat ɗin kawun yarinyar ba ne. Yana tsaye gaban dangi yana zuba jawabi a kan arzikinsa, kawun ya miƙo hannu cikin natsuwa ya zaro tabaransa daga aljihun kwat ɗin, ya saka. Akawu ya ci gaba. Kawun ya sake miƙo hannu ya ɗauki carbinsa. Sannan maganin hawan jininsa. Shehu Sha'aban ya kife a kan teburi yana dukansa da tafin hannu. Ni kuwa na kama cinyata na murɗe har sai da wurin ya yi shuɗi. Sai na ji bencin yana rawa. Midhat ne, ko ƙara bai yi ba, fuska kamar mai zaman makoki, amma kafaɗarsa tana karkarwa a jikin tawa. Na san dariyar nan, na san in ta kuɓuce masa har shaƙuwa take sa shi. Na ji kewarta ta soke ni, na ƙara murɗe cinyar.

Muka kai ƙarshe a haka. Aka ba akawu yarinya, aka yi guɗa, Shehu ya share hawaye ya mayar da rawani, fuskar aiki ta dawo.

"Kun yi dariya?"

Na ce a'a. Midhat ya ce a'a.

Ya dube mu, ya yi ajiyar zuciya, ya jawo babban littafin ya buɗe. Duk tsawon kwana arba'in ɗin nan, can a ƙasan raina na dogara da cewa Shehu Sha'aban ba zai bari ba, zai san dabarar da zai yi. Ga shi yana gwada alƙalami a bayan ambulan. Na tuna yara suna gidan Nagwa, na tuna ban ma san me zan ce musu ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Shehu ya ce mu kawo katin shaida kafin a kira shaidu. Na zaro nawa na ajiye da ƙarfi. Midhat ya laluba aljihun wando na dama, ya laluba na hagu, ya taɓa na baya. Na ga fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Maulana, na manto shi a gida."

Mutumin nan tun da na aure shi bai taɓa fita da katinsa da kansa ba. Kullum ni ke goge masa kwat in saka masa kati da hankici, kuma da safiyar nan ma, cikin gabar, na goge na saka, don hannuna bai san muna faɗa ba. Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi.

"Yana aljihun ciki na hagu, kai ma kullum sai an gaya maka."

Maganata ta farko gare shi ke nan a kwana arba'in, kuma da ita na miƙa wa Shehu wuƙar yanka ni. Na ji kamar in ciji harshena ya guntule. Shehu ya miƙo hannu yana jiran kati.

Midhat ya kai hannu ƙirjinsa. Ya dafe aljihun, har ana ganin shatar katin ta cikin yadin. Bai zaro ba. Ya ƙara dannewa.

"Ba ya nan, Maulana."

"Ɗana, ga shi ina hango shi."

"Ba ya nan. Ko shekara za mu yi a ɗakin nan, ba ya nan."

Na juya na dube shi sosai. Idonsa ya yi ja, gashin bakinsa yana motsi. Shehu Sha'aban kuwa ya ajiye alƙalami a hankali, ya matso bakin kujera, ya sake cire rawanin ya ɗora a gwiwa. Wallahi kallonmu yake yi da irin fuskar da yake kallon akwatin talabijin ɗin can.

"To ci gaba mana," ya ce da Midhat ƙasa-ƙasa. "Nan ne wurin da namiji yake magana. Kada ka ɓata mini ƙarshen."

Midhat ya yi gyaran murya sau biyu. Mutum ne da bai iya jawabi ba, ko ranar da ya zo neman aurena yayansa ne ya yi masa magana. Ya dubi takalminsa ya ce:

"Sausan, miyar nan kwano uku na sha."

Nan abin ya ƙwace mini. Dariyar da na danne tun daga tabaran kawu ta taho gaba ɗaya tare da kuka, na rasa wanne nake yi. Midhat ya kama tasa har shaƙuwar ta zo. Shaidu suka leƙo da kofunan shayi a hannu, Hajja I'itimad ta leƙo daga bene tana tambaya ko an ci ƙwallo ne. Shehu yana kuka wiwi cikin rawaninsa, ya ɗaga hannu ya kore su duka.

Da muka natsu ya rufe littafin, ya turo mini katina, ya ce, "'Yata, ke ba ki da abin cewa a kan alewar?" Na ce alewar tana buƙatar ƙarin riɗi, kuma ba zan yi ƙarya a gaban malami ba. Midhat ya ce zai ƙara.

Muka fito, muka bi ta gidan Nagwa muka kwaso yara. Har muka isa ƙofar gidanmu, hannun Midhat na dama yana dafe da aljihun nan, bai sauke ba.