Nauyin da Sikeli Ya Nuna

Shekarar da likitocin ɗinkin leɓe suka zo Bagudo, ni ke riƙe da rajistar awon jarirai. Wata tsohuwa ta kawo jikarta daga tsallaken iyakar Benin, leɓenta a tsage har cikin hanci. Ƙa'idarsu, ba a yi wa jariri aiki sai ya yi nauyi. Ita kuwa da wannan leɓe ba ta iya kama nono, balle ta yi nauyin.

"Ɗana, ƙara mata a takarda," in ji tsohuwar. "Wa zai sani?"

"Inna, allurar barci za ta sani."

Na san allurar barcin aiki na iya kashe jaririn da bai yi nauyi ba, sai na rubuta abin da sikeli ya nuna, raina a ɓace. Likitoci suka tafi, ba a ɗinke leɓen yarinyar ba.