Jinin sarkin Faransa a tsakar gidanmu

Takardar ta fi dardumar sallar Inna tsawo. Yayana Habu ne ya shimfiɗa ta a tsakar gidanmu na Matameye, kwana biyu da zuwansa daga Faransa tare da 'yarsa Zainabu.

Ya ce matarsa Baturiya ta yi shekara shida tana bin tsofaffin littattafan majami'u, har ta gano asalinta, ta jera sunayen kakanninta a takardar nan. Wai wani sarkin Faransa ne ya yi wa mai wankin fada ciki ba aure, daga yaron da ta haifa zuri'arsu ta fito.

Na ce, "Yaya, naɗe ta kafin maƙwabta su ji! Wa ke tono irin wannan?" Tsorona kada wata rana a goranta wa Zainabu.

Inna, mahaifiyarmu, ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauko carbinta ta ce, "Karanto min su, fara daga jikata."

Habu na kiran suna, tana jan ƙwaya ɗaya. Sha biyu ta ja kafin a kai ga sarkin.

Ta ce, "Bar sarkin, sunansa ba ya ɓata. Ita uwar yaron, yaya sunanta?"

"Margarit, Inna."

Ta maimaita sunan sau uku, ta jawo Zainabu jikinta. "Ikon Allah! An ɓoye baiwar Allah nan saboda kunya, yau ga jininta yana shan furata a Matameye."

Ni da nake cewa a naɗe, ko sunan kakar kakata ban sani ba.

Ku fa, sunayen kakanninku nawa kuka riƙe?