Jajayen Takalman Doreen

Kullum da hantsi Doreen Entwistle takan hau bas ɗin bakin teku a garin Blackpool, da leda a hannu, ta nufi gidan tsofaffin da aka ajiye Mista Clegg. A duƙe take tafiya, kamar mai neman allura a ƙasa. Akwati ne ya mai da ita haka.

Duk wanda ya taɓa kallon Clegg mai siddabaru yana raba mace biyu da zarto ya ga Doreen, bai dai sani ba. Mata biyu ne a akwatin. Mai kwalliya da murmushi ita ke fito da kai. Doreen kuwa tana dunƙule a ɗaya ɓangaren, ƙafafunta kaɗai ke leƙowa cikin jajayen takalma, tana kaɗa su. Ni ne mai jan labule a gidan wasan, ni nake zaro ta bayan an watse, jiki duk ya sage. Masu fito da kai an sauya su ba adadi, wata ta yi aure, wata ta koma talabijin. Ƙafafun ba a taɓa sauya su ba.

Sana'ar ta gaji rufin asiri. Babu sunanta a allo, ba ta fita karɓar tafi, ko ƙofar gaba ba ta bi. Mahaifiyarta ta rasu tana zaton shara 'yarta ke yi a wurin. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Ranar wasan ƙarshe, kafin a mai da gidan wurin caca, na ce mata, "Doreen, yau dai ki fito su gan ki mana."

Ta harare ni. "Kai, raba ni! Yara sun zo a yi musu ƙarya mai daɗi, ni ce zan ɓata musu? Ja labulenka."

Yanzu tsufa ya rikita Clegg. Shi ya fi kowa sanin wahalar da ta sha, shi ne kuma ya manta fuskarta. Makon jiya na raka ta. Ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema? In shayi ne, an ba ni."

Ta zauna, ta buɗe ledar, ta cusa kumburarrun ƙafafunta cikin jajayen takalman da ƙyar, ta ɗora su kan kujera, ta kaɗa. Tsohon ya zabura.

"Doreen! Kin makara! Maza shiga, kada su gan ki."

"To, Mista Clegg," in ji ta, hawaye na zuba.

Ke ce ƙafafun wasan, Doreen, a kanki ya tsaya. Kin hana ni faɗa, ga shi na faɗa, ki yi haƙuri. Mun gode. Ku kuma masu karatu, ku riƙe aikinku yadda ta riƙe nata, ko ba mai kallo. Amma in kun haɗu da tsohuwa a duƙe a bas ɗin bakin teku, da leda a hannu, ku tafa mata tun tana ji. Ba a taɓa yi mata ba.