Furar Inna da maganin taifot ɗina

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa kuɗin masara ne ya sa na yi girman kai, Allah ya shirye ku. Asibiti na kwanta, ciki a ɗinke.

Taifot ne. Daga kasuwar Beri na dawo da zazzaɓi da ciwon kai. A wani asibitin kuɗi a nan Kontagora aka ɗebi jinina, aka miƙo min ƙwayoyi a 'yar leda, safe da yamma. Likitan ko ɗago kai bai yi ba.

Abinci ya ƙi shiga. Inna, mahaifiyata, ta ce ba a zuba magani mai ƙarfi a cikin da babu komai, haka suka san ana yi tun kafin a yi jihar Neja. Kullum sai ta dama fura, nono ya ji, ta tsaya a kaina sai na kora ƙwayar da ita.

Magani ya ƙare, zazzaɓi na nan daram. Na koma, aka ƙaro min irinsa. Ba wanda ya tambaye ni da me nake sha.

Ranar da cikina ya kumbura ya yi tauri, a kwance aka kai ni babban asibiti. Hanji ya huje. Na tsorata, har na bar wa ƙanena amanar yarana kafin a shiga da ni tiyata. Shanun nomana duk suka tafi a jinya.

Da aka ce na fara cin abinci, likitar da ke duba ni ta ga Inna da kwanon fura. Ta tambaye ta, Inna ta ba ta labarin yadda take kora min ƙwayar da fura, da alfaharinta. Likita ta ce irin wannan ƙwayar nono yana riƙe ta tun a ciki, ya hana ta shiga jini, sai ta bi bayan gida.

Inna ta ajiye kwanon, ta ce, "Ashe da hannuna na kusa kashe ɗana."

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Tsohuwa ba ta yi boko ba. Likitan farko da ya yi bokon kuwa, "ban da nono" kawai ta gagare shi faɗa.

Na warke, alhamdu lillahi. Waɗanda suka ba ni jini da masu addu'a, Allah ya saka muku da alheri.

Don Allah, in an ba ku magani ku tambaya: da me zan sha, me zan bari? Ko an haɗe muku rai, kar ku tashi sai an ba ku amsa.

Ni ɗinkina ya kame. Inna kuwa har yau ko ruwa za ta miƙo min, sai ta tambaya ko likita ta yarda.